Lafiya Lau, Yallaɓai

"Ina maganina?"

Saje yana kwance rub da ciki a ƙofar banɗaki, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Bokiti ya kife, ruwan sabulu na bin siminti yana shigewa ƙarƙashin gado. Ya miƙa hannu ya kama ƙafar kujera zai ja jikinsa, sai kujerar ta biyo shi.

"Kwamanda! Da ke nake fa. Ina maganina?"

Matarsa ce Kwamanda. Shi ya laƙaba mata sunan tun suna bariki, wai a filin fareti Kanar ke ba da oda, a gida kuwa ita. Tana tsaye da dutsen guga a hannu, ba ta matso ba, ba ta kuma ja da baya ba.

"Na ɗauke," in ji ta.

"Kin ɗauke? Kin kai ina?"

"Inda hannunka ba zai kai ba."

Ya ɗago kai da ƙyar ya dube ta. Gumi ya riga ya karyo masa a goshi duk da yanzu ya fito daga wanka. "Kashe ni za ki yi? Kin san yau wace rana ce?"

"Don na sani na ɗauke."

Yau ne kwamitin likitocin soja zai yi zama na ƙarshe a kan Saje. In sun rubuta cewa ya nakasa a bakin aiki, za a riƙa ba shi alawus, a kuma duba shi a asibitin soja kyauta har ƙarshen ransa. In sun sake rubuta cewa zai iya aiki, an rufe fayil ɗinsa ke nan, babu ɗaukaka ƙara, babu a dawo gobe.

Direban babbar mota ne a rundunarsu, har ranar da motar ta taka nakiya ta wuntsila da shi. Aka haɗa masa ƙashin baya da ƙarfe, aka sallame shi. Tun daga nan ƙafarsa ta hagu take mutuwa ba tare da sanarwa ba. Ya gwada gadi a wani shagon siminti, aka tarar da shi a ƙasa ya kasa tashi ya buɗe wa mota ƙofa, mai shagon ya ba shi haƙuri. Ya gwada tuƙa wa wani ɗan kasuwa mota, ƙafar ta mutu a kan kuloci, ya daki katangar gidan mutumin da motar. Yanzu keken ɗinkin Kwamanda ne ke riƙe da gidan, ita ma idanunta sun fara gardama da ramin allura.

Amma duk zuwan da ya yi gaban kwamitin a baya, abu ɗaya yake yi. Sai ya haɗiye magani ninki biyu, ya sa tsohon kakinsa da ya sha guga, ya shiga yana taku kamar mai karɓar lambar yabo. Ya ƙame, ya sara. A tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau. Su kuwa su rubuta abin da suka gani: zai iya aiki marar nauyi. Ya dawo gida maganin ya sake shi, ta kwana tana gasa masa baya.

Ta ajiye dutsen guga ta durƙusa kusa da shi, ta ja tawul ta rufa masa.

"Baban yara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau sai sun gan ka yadda nake ganinka kullum."

"A haka zan je gaban Kanar? Kamar tsumma?"

"A haka."

"Soja ba ya kai kuka gaban na gaba da shi."

"To ai sun sallame ka. Ni ce dai ban sallame ka ba, ni kuwa na gaji."

Ya kwantar da kumatunsa a kan simintin mai sanyi ya lumshe ido.

Aka doka hon a waje, sannan aka turo ƙofa ba sallama. Ƙaninta ne, direban tasi da kowa ke kira Birki saboda abin da ya fi ƙin takawa ke nan. Ya tsaya ya dubi Saje a ƙasa, ya dubi yayarsa.

"Yaya, juyin mulki kika yi?"

"Kama mini shi, ka bar surutu."

"Oga Saje, iyo ake koyo ne da safen nan?"

"Zan tashi ne," in ji Saje ta cikin haƙora. "Ranar da na tashi, kai zan fara sa wa tsallen kwaɗo."

"Allah Ya nuna mana. Wallahi da murna zan yi."

Suka ɗaga shi. Ƙarar da ya yi ta sa Birki ya haɗiye sauran barkwancinsa. Suka zaunar da shi a bakin gado yana haki, idonsa a kan kakin da ke rataye a ƙusa, karin gugarsa kamar zai yanka hannu. Kwamanda ta bi idon nasa, ta buɗe akwati ta ciro wata tsohuwar riga mai faɗi da silifa.

"Kakin nan ne ke yi maka ƙarya. Yau ya huta."

Ba ta hana shi hular sojan ba. Ya damƙe ta a hannu kamar za a ƙwace.

Matsalar ita ce fita. Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya, kuma lokacin layin ɗiban ruwa ne. Saje ya gwada taku, ƙafar ta ƙi. Birki ya juya baya ya durƙusa.

"Hau, Oga."

"Ba zan hau ba."

"To mu kwana a nan."

Ya hau. Suka ratsa tsakar gidan, ƙaton mutum goye a bayan siririn direba, silifa ɗaya ta faɗi Kwamanda ta tsince. Matan da ke layi suka yi tsit, suka ja bokitansu gefe. Wata ta ce, "Sannu Saje, Allah Ya sawwaƙe." Wata ta kawar da kai, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo. Shekara da shekaru a gidan nan babu wanda ya taɓa ganinsa ko da sanda. In ciwon ya motsa, ɗaki yake rufewa a ce yana barci.

A mota suka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyarta. Ranar dai Birki ya san inda birki yake, yana lallaɓa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ofishin wani dogon gini ne mai bangon da ya manta launinsa. Baranda doguwa, benci a jere, fanka a sama ba ta juyi. Tsofaffin sojoji sun cika wurin, wasu da sanduna, wasu da hannun riga a naɗe an soke da fil, kowa rungume da ambulan ɗin hoton ƙashi. Birki ya samo keken marasa lafiya mai taya ɗaya da ke kuka, suka ɗora Saje.

Wani tsoho a gefensu, mai abin tallafe wuya fari da ya koma ruwan ƙasa, ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa.

"Wace runduna?"

"Sufuri."

"Baya ne?"

"Baya."

Tsohon ya kwance abin wuyan, ya sosa ƙeyarsa son ransa, ya juya kai hagu da dama, ya mayar ya ɗaure. "Bari in ba ka sirrin, ɗan'uwa. In sun ce ɗaga hannu, ɗaga rabi ka yi ƙara. In sun taɓa ka, ka zabura tun kafin yatsan ya iso. Amma wallahi ka iya shiri, gumin nan naka kamar gaske. Me ka shafa?"

Saje ya juyo da kai a hankali ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Kin ga layin da kika sa ni."

"Kai naka na gaske ne."

"Wa zai bambance?"

Ta ciro hankici ta share masa fuska, ya ture hannunta.

Rana ta yi sama. Aka kira wasu, aka tafi sallah, aka dawo, akawu ya fita cin abinci ya daɗe. Saje ya daina magana, sai dai hular da yake murɗawa. Sau ɗaya ya ce da ita a hankali, "Ko rabin ƙwaya." Ta ce ba ta zo da shi ba. Ƙarya take, kwalbar na cikin jakarta a naɗe cikin ƙyalle, tana jin nauyinta kamar dutse.

Daga ƙarshe akawu ya leƙo ya kira lambarsa. "Mutum ɗaya zai shiga da shi."

Ta tura keken, tayar na kuka.

Ɗakin da sanyin na'ura. Dogon tebur, mutum uku a bayansa. A tsakiya Kanar ne, likita, furfura ta cinye kansa, tabarau a kan karan hanci, idanunsa jajaye irin na wanda ya saurari koke tun safe. A damansa wata Manjo tana rubutu, a hagunsa wani farar hula yana duba agogo.

Kwamanda ta ga abin da zai faru tun kafin ya faru. Kafaɗun mijinta suka miƙe da ganin taurarin da ke kafaɗar Kanar. Ya ɗora hular a ka. Ya dafa hannayen keken.

"Baban yara," ta ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

Ina! Hali zanen dutse. Ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya miƙe a kan ƙafa ɗaya yana jan ɗayar, ya haɗa dugadugai cikin silifa, ya sara. Da ƙyar hannun ya kai goshi.

"Saje, ya jiki?" in ji Kanar, bai ɗago daga fayil ba.

"Lafiya lau, Yallaɓai!"

"Ciwon bayan fa?"

"Da sauƙi, Yallaɓai!"

"Kana iya tafiya?"

"Ina iyawa, Yallaɓai!"

Alƙalamin Manjo ya fara tafiya a kan takarda. Kwamanda ta ji ƙarar kamar ana jan wuƙa a kan dutse. Duk wahalar safe, duk kallon matan famfo, ga shi zai tashi a banza. Ta ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa har ƙugu, ta ga ƙafar hagu na karkarwa, amma tebur ya tare musu, fuska kawai suke gani, fuskar kuwa ta soja ce.

"Yallaɓai," ta ce.

Farar hular ya ɗaga hannu. "Hajiya, shi ake tambaya."

"Na sani. Ba amsa zan ba da ba, roƙo zan yi." Ta juya ga Kanar. "Yallaɓai, gaisuwa kake yi masa, shi kuma yana amsa gaisuwa. Ko yana bakin kabari ka ce ya jiki, lafiya lau zai ce maka. Haka kuka koya masa. Ka ba shi oda."

Sai a lokacin Kanar ya ɗago. Ya cire tabarau ya murza idanu, ya daɗe yana duban mutumin da ke ƙame a gabansa. Ya sake duba fayil.

"Direba ne kai?"

"Direba, Yallaɓai!"

"In mota ta dawo daga aiki da matsala, kana ɓoye wa ofisan sufuri?"

"A'a, Yallaɓai. Laifi ne. Za ta kashe mutane a hanya."

"To oda nake ba ka. Ba ni rahoton jikinka kamar yadda kake ba da na mota. Daga sama har ƙasa, kada ka tsallake ko ƙusa ɗaya. In ka ɓoye, ka saɓa umarni."

Saje ya kafa idonsa a bango, can saman kan Kanar.

"Rahoto, Yallaɓai." Muryar ta fito a bushe, babu hawa babu sauka. "Baya ba ya lanƙwasawa. Ba na ɗaura igiyar takalmi. Ƙafar hagu tana ɗaukewa ba gargaɗi, wani lokaci a tsaye, wani lokaci a kan tuƙi. Tsayuwa ba ta wuce tsawon sallah, ita ma a zaune nake yi yanzu. Barci sai da magani. Maganin da aka rubuta ɗaya, biyu nake sha, ya fara daina ji."

"Ci gaba."

"Safiya ba na tashi da kaina. Ita ke ɗaga ni."

"Ci gaba."

Ya tsaya a nan. Kwamanda ta sunkuyar da kai, don ta san abin da ya rage, abin da ko ƙaninta bai sani ba, abin da take wankewa tun kafin masu layin famfo su fito.

"Saje, ban ce ka tsaya ba."

"Fitsari, Yallaɓai." Idonsa bai bar bango ba. "Ba kullum nake jin zuwansa ba. Akwai leda a kan katifa. Mota ba ta hanya ba ce, Yallaɓai. Ƙarshen rahoto."

Alƙalamin Manjo ya tsaya tun ɗazu. Ta ja layi a kan abin da ta fara rubutawa, ta buɗe sabon shafi.

"Zauna, Saje," in ji Kanar.

Bai kai ga zama ba. Ƙafar ta ɗauke, ya tafi gefe, Kwamanda ta tare shi da ƙirjinta suka zube tare a kan keken. Aka kira ma'aikatan jinya suka ɗora shi a gadon gwaji. Kanar da kansa ya taso, ya soka masa allura a tafin ƙafa, Saje bai ko motsa ba. Ya danna nan, ya danna can, ya yi magana da Manjo a hankali.

"Mu dai mun ga abin da muka gani," ya ce da Kwamanda yana wanke hannu. "Za mu rubuta. Sauran na hedikwata ne, su ke sa hannu." Ya dubi ƙofa. "Na gaba."

A mota Birki ya yi ta tambaya. "An dace? Yaya, ki yi magana mana. Oga, an dace?" Ta ce da alama. Ya buga sitiyari yana kabbara. Ta ciro kwalbar daga jaka ta zazzago ƙwaya ta miƙa wa mijinta. Ya dubi kwalbar, ya dubi jakar, ya dube ta. Ya karɓa ya haɗiye ba ruwa, ya juya fuska ga kujera.

Kwanaki suka shuɗe bai ce mata Kwamanda ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. In ta kawo abinci ya ci kaɗan ya ture. In ta ɗaga shi da safe ya ce an gode, kamar wata baƙuwa ce ta taimake shi a titi. Maƙwabta suka fara shigowa dubiya, kowa da irin maganin da ya ji ana faɗa, kowa da "ashe haka kake fama, ba mu sani ba". Ya sa ta saki labule. Daga hedikwata kuwa shiru.

Wata rana da hantsi tana kan keke tana haɗa kayan makarantar 'ya'yan mutane, kanta na sara, ta ji tsakar gida ta yi tsit. Irin tsit ɗin ranar nan. Ta waiga, gado babu kowa. Kwalbar magani na kan tebur a buɗe, murfin a ƙasa. Ƙusar bango babu kaki.

Ta yaye labule.

Ga Saje a bakin famfo cikin kakinsa, hula a karkace yadda yake sa ta a da. Ya cika manyan jarkoki biyu, ya kama ɗaya a kowane hannu. Matan layi sun buɗe masa hanya, baki a sake. Ya ɗaga. Ya miƙe sak, ƙirji a gaba, ya fara takowa yana ratsa tsakar gidan a hankali, yana duban kowace fuska ɗaya bayan ɗaya. Ta san abin da zai biyo baya, ta san wanda zai kwana gashin baya. Amma rabon da ta ga wannan hasken a idonsa har ta manta, sai ta kasa buɗe baki ta tsayar da shi.

"Kwamanda!" ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Buɗe randa, ruwa ya iso!"

Sai ta lura da mutumin da ke tsaye a ƙofar gida. Ba ta taɓa ganinsa ba. Farar riga mai dogon hannu, katin aiki rataye a wuya, jaka a hammata. Wayarsa na ɗage a saitin fuskarsa, kuma da gani ba yanzu ya ɗaga ta ba.

Ya sauke wayar, ya duba abin da ya ɗauka, ya sa a aljihu.

"Salamu alaikum. Daga hedikwata aka turo ni, sashen tantancewa. Kafin a sa hannu, mukan zo gida mu ga mutum da idonmu." Ya dubi kakin, ya dubi jarkokin, ya dubi igiyoyin muƙami da ke hannun rigar. "Wani Saje nake nema, wanda aka ce ba ya iya tashi sai an ɗaga shi."

Saje na tsaye a tsakiyar gida, ruwa na ɗiga a kan takalminsa. Bai ajiye jarkokin ba.